Baƙin famfo ko fari mai ƙyalli: wanne zai jure ruwanka da hannun mai wanke banɗaki?

Duk wanda ya leƙa sababbin gidajen da ake ginawa a Katsina cikin 'yan shekarun nan, daga GRA zuwa Barhim da hanyar Dutsin-ma, ya san banɗaki ya sake kama. Tayil mai ruwan toka, madubi mai fitila, sai baƙin kan famfo marar ƙyalli, baƙi wuluk kamar gawayi. A shago abin sha'awa ne, a hoto kuma ya fi haka. Sai dai ba a shago zai zauna ba. Zai zauna ne inda ruwan burtsatse ke bushewa a jikinsa sau ashirin a yini, inda ƙurar hunturu ke shigowa ta 'yar tagar sama, inda yarinyar da aka sa wanke banɗaki ta saba da soson ƙarfe da garin Vim. Ruwan gidanka, da ƙura, da hannun mai wanki, su ne za su nuna ko ka yi dace ko ka zubar da kuɗi, ba launin da ya burge ka ba.

Kafin a zo kan launi, a fara duba gangar jikin famfon, domin rufi mai kyau a kan ruɓaɓɓen ƙarfe aikin banza ne. Mafi inganci shi ne na tagulla, sai na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304. Na tutiya shi ne ya cika kasuwa saboda araha, ana kuma samun na roba da aka yi wa fenti har ya yi kama da ƙarfe. Ɗauki famfon a hannu ka ji nauyinsa, sannan ka juya shi ka leƙa cikin bakin da ake ɗaura tiyo. In ka ga ruwan ɗorawa, tagulla ce. In ka ga fari-fari mai duhu kamar dalma, tutiya ce. Nauyi kaɗai ba hujja ba ne, gara ido ya gani. Illar tutiya biyu ce: tana tsagewa a wurin ɗauri in an matse ta da sifana, kuma da ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashin rufinta sai ta fara ci daga ciki, rufin ya yi ƙuraje, ya kumbura, ya ɓare. Fari ne ko baƙi, haka za ta yi, sai dai a baƙi abin ya fi muni, domin kowane ɓaro yana fitowa fari fat.

Farin famfo mai ƙyalli, wanda masu shago ke kira kurom, rufinsa hawa biyu ne. Ana fara shafa wa tagullar sinadarin nikel da lantarki, sannan a bi da kurom siriri ƙwarai, bai kai maikuron ɗaya ba. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin kan mutum kuwa kusan maikuron 70 ne. Duk da sirantakarsa, kurom yana da tauri sosai, ga santsi, ruwa ba ya samun wurin kamawa sosai, kuma farin tabon da ruwa ke bari ba ya fitowa da ƙarfi a kan fari. Aibinsa shi ne shatin yatsu. Ka taɓa shi da hannu mai maiƙo, nan take ya nuna. Amma wannan aibi ne da tsumma ke gogewa.

Shi kuwa baƙi ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Akwai wanda fenti ne kawai aka fesa aka bari ya bushe. Wannan ba ya shekara, farce ma yana kankare shi. Akwai na garin fenti: ana fesa busasshen gari da lantarki ya manne a jikin ƙarfen, a saka a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200, garin ya narke ya zama fata guda mai kaurin maikuron 60 zuwa 100. Akasarin baƙaƙen famfon da ke kasuwa irin wannan ne, kuma shi ne ke ba da baƙin nan mai zurfi da ake so. Yana jure sabulu da ruwa, amma a ƙarshe dai dangin roba ne, don haka yashi na karce shi, duka na ɓare shi, kuma ruwan goge jan farce na tausasa shi. Akwai wanda aka baƙanta da lantarki kamar yadda ake yin kurom, sau da yawa a bi shi da wani siririn mai a sama, wannan shi ne ya fi tsoron abu mai tsami. Sai na ƙarshe, wanda ake rubuta wa PVD a kwali. Ana saka famfon a ɗakin da aka zuƙe wa iska, a mai da ƙarfe irin titaniyam ko zakoniyam tururi, tururin ya sauka ya haɗe da jikin famfon. Kaurinsa bai wuce maikuron kaɗan ba, amma ya fi duk sauran tauri, ba ya ɓarewa kamar fenti. Kuɗinsa ma ya fi, kuma sau tari baƙinsa ba ya kai na garin fenti zurfi, yana ɗan komawa ruwan toka mai duhu da alamar ƙarfe.

Buga haruffa uku a kwali ba shi da wuya, saboda haka kada kwali ya ruɗe ka. Shafa gefunan famfon da yatsa. Na garin fenti gefunansa sun ɗan dunƙule, kana jin kauri kamar an sa masa riga, kuma in ka leƙa cikin bakin ɗauri za ka ga ɓurɓushin feshi ya ɗan shiga. Na PVD gefunansa a tsaye suke, sanyin ƙarfe na kama hannu nan da nan. In mai shago ya ce maka "Alhaji, ai wannan ba ya komai", tambaye shi takardar garanti, ka duba ko ta ambaci rufin ko kuwa kayan ciki kaɗai. Wanda ya sauko har Ƙofar Ruwa a Kano don sayen kayan banɗaki ma tambayar da zai yi ke nan.

Dalilin da ya sa baƙin famfo ba ya ƙyalli shi ne dalilin da ya sa yake da wuyar sha'ani. Fuskarsa ba sumul take ba, cike take da 'yan tuddai da kwaruruka da ido ba ya gani, su ne ke warwatsa haske. A cikin kwarurukan nan allin ruwa da dattin sabulu ke zama. In kuma aka dage da dirza don a fitar da su, tuddan ne ke gogewa, wurin ya yi sumul, ya fara sheƙi. Wannan sheƙin ba datti ba ne, rufin ne ya cinye, kuma ba ya komawa. Shi ya sa za ka ga famfon da bai fi wata shida ba, samansa na ƙyalli kamar goshin da aka shafa wa mai, gefensa kuma a dushe.

To, ruwan gidanka fa? A Katsina mutane ƙalilan ne ke dogaro da ruwan Ajiwa kaɗai, haka a Daura da na Sabke. Galibi burtsatse ne, ko rijiya da injin turo ruwa, ko 'yan ga-ruwa su cika tanki. Ruwan ƙasa kuwa ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, wani lokaci ma daga gida zuwa maƙwabcinsa, don haka kada ka ɗauki labarin wani. Gwada naka. Leƙa gindin butar da ake dafa ruwan shayi: in ya yi farin ɓawo mai kauri, ruwanka na ɗauke da kalshiyam da magnesiyam masu yawa. Ko ka ɗauki gutsuren baƙin tayil, ka ɗiga masa ruwan tankinka ɗigo goma, ka ajiye a rana. Da ya bushe ka duba. In ka ga zobba farare ƙarara, kamar an zana da alli, to abin da za ka riƙa gani ke nan a famfonka kowace safiya. In zoben ja-ja ne, akwai ƙarfe a ruwan, wanda kan bar jan tabo a sinki. Abin mamaki, wannan jan tabon ya fi ɓoyuwa a baƙin famfo fiye da a fari. Ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa da sauri, ko mai ɗanɗanon zartsi, shi ma ya ba ka amsa.

Zafi na ƙara dagula lamarin. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ruwan tankin sama da azahar kamar an ɗora shi a wuta yake. Ɗigon da ya sauka a kan famfo kafin ka fito daga banɗaki ya bushe, ya bar gishirinsa. A ƙasashen da aka ƙirƙiro wannan ado, ɗigon kan jima bai bushe ba, akan sami sararin gogewa.

Wankin yau da kullum na baƙin famfo ba shi da wani sirri, naci kawai yake so. A rataye tsumma ɗaya mai laushi kusa da sinki, irin wanda ake goge gilashin mota da shi, ko tsohuwar singileti ta auduga, kuma kada a yi wani aiki da shi. Bayan wanka ko alwalar ƙarshe, a tsane famfon da shi, musamman gindinsa, da ƙarƙashin hannun, da bakin da ruwa ke fita. Rabin minti ne. Ruwan da aka share kafin ya bushe ba ya barin alli, kuma wannan kaɗai ya ɗauke kashi mafi girma na wahalar.

Da hunturu akwai ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: ba a goge ƙura a bushe. Ƙurar nan da ke kwanciya daga Nuwamba zuwa Fabrairu garin yashi ce, ta fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Ka sa busasshen tsumma a kanta, ka zama mai goge famfonka da takardar yashi. A fara kwara ruwa da kofi ko buta ƙurar ta gangara, sannan a sa tsumma. Kurom ma na karcewa da haka, amma shi sai an daɗe kafin ya nuna.

Sau ɗaya a mako a yi masa wanki na sosai. A zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi rabin lita a roba, a ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka, irin su Morning Fresh, rabin ƙaramin cokali. A tsoma tsumma, a matse, a shafe famfon daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba. Lungun da tsumma ba ya shiga a bi shi da tsohon buroshin haƙori mai laushi. A ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane. Sabulun sanda da sabulun salo ba su dace ba, domin in sun haɗu da ruwa mai alli sai su bar wani farin maiƙo da ke liƙewa. Shi ya sa ma bai kamata a ajiye sabulun wanka a jingine da gindin famfo ba.

In alli ya riga ya kama, sabulu ba zai fitar da shi ba, sai abu mai tsami. Nan ne fari da baƙi suka fi rabuwa. A kurom kana iya jiƙa tsumma da ruwan khal da aka raba biyu da ruwa, ka naɗe famfon minti goma zuwa sha biyar, ka ɗauraye, shi ke nan. A baƙi ba a yin haka. Kamfanoni da dama ba su yarda da khal ba sam. Hansgrohe na Jamus, misali, ya hana duk mai wanki da ke ɗauke da tsamin khal, ya ce a yi amfani da mai tsamin lemo. Saboda haka a matse lemon tsami, a tace 'ya'yan da ɓargon, a haɗa kashi ɗaya da ruwa kashi biyu. Wanda ya sami garin tsamin lemo na shago ya narka ƙaramin cokali ɗaya, kimanin giram 5, a kofi ɗaya na ruwa. A fara gwadawa a bayan famfon inda ido ba ya kai. In bayan ya bushe launi bai sake ba, a jiƙa tsumma a ɗora kan tabon kaɗai, minti biyu zuwa uku, a ɗauke, a ɗauraye sosai, a tsane. Bai fita ba? A maimaita gobe. Gara sau uku gajeru da sau ɗaya mai tsawo. Kada a fesa komai kai tsaye a jikin famfo, domin ruwan na shiga tsakanin hannu da jiki ya zauna can yana ci. Kada kuma a yi wannan aiki famfon na da zafi. In teburin sinkin na marmara ne ko tarazo, a shimfiɗa leda, tsami na cin su fiye da yadda yake cin famfon.

Abubuwan da ke kashe baƙin famfo kuwa duk suna nan cikin banɗakin, a bayan ƙofa. Maganin wanke masai irin Harpic mai ƙarfi na ɗauke da asid na haidurokulorik, an yi shi ne don tangaran. Ɗigo ɗaya da ya kwana a kan famfo ya isa ya bar tabon da ba ya fita, kuma wannan ko kurom bai tsira ba. Hypo da Jik na dusar da baƙin, ya koma toka-toka a dabbare. Kada ma a kuskura a haɗa su da Harpic ko khal ko lemon tsami, haɗin na fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a ɗan ƙaramin banɗaki kuwa abin ba wasa ba ne. Vim, toka, kanwa, man goge baki, soson ƙarfe, koren bayan soson kwanuka, duk masu karcewa ne. Man ƙyalli na mota ko na katako yana sa wuri ya yi sheƙi. Lalle da rinin gashi da turare in sun zuba a wanke nan take. A taƙaice, mai aikin da aka ce wa "wanke ko'ina ya yi fes" za ta yi abin da ta iya, kuma ba laifinta ba ne. Uwargida ta nuna mata da hannu sau ɗaya: wannan tsumman da wannan sabulun na famfo ne, sauran kada su kusance shi.

Ɓarna ta farko sau da yawa tun ranar ɗaurawa ake yin ta. Mai gyaran famfo ya kama baƙin goro da filaya mai haƙora, ya murɗa, ya bar shati biyu farare. A kurom ƙaramin karce ne, a baƙi ƙofa ce da ruwa zai bi ya ɗaga rufin. A tsaya a kansa ya naɗa tsumma ko gutsuren tuf ɗin babur kafin ya sa sifana mai sumul, ya matse da hannu iya ƙarfi, sannan ya ƙara kwata ɗin juyi. Kuma kada a ɗaura famfo sai masu tayil da masu fenti sun gama, domin siminti da ya bushe a kan baƙin rufi ba ya fita sai da shi. Kafin a haɗa tiyo a saki ruwa ya gudu a bokiti minti biyu, yashi da ɓurɓushin bututu su fita.

Yashin nan shi ne abokin gabar kayan ciki, fari ko baƙi. Famfon zamani mai hannu ɗaya na aiki ne da faifai biyu na tangaran da ke goga juna, a cikin wani ƙoƙo mai faɗin milimita 35 ko 40. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga tsakaninsu, ta karce su, famfo ya fara ɗiga. Ɗigar kuwa a baƙin famfo na nufin farin layi daga baki har gindi cikin mako biyu. Matacin ruwa mai tsawon inci 10 a bakin tanki yana tare yashi, amma a sani ba ya cire alli, shi narkakke ne. Canja ƙoƙon ba wuya: a rufe ruwa, a cire ɗan murfin da ke jikin hannun, a kwance ƙaramin sukurun ciki da makulli mai kusurwa shida, galibi na milimita 2.5, a zare hannun, a kwance goron, a tafi kasuwa da tsohon don a sami daidai shi. 'Yar rariyar bakin famfo kuma a kwance ta duk wata biyu, a cire cikinta kaɗai a jiƙa a khal rabin awa, baƙin zoben waje a bar shi gefe.

Akwai kuma batun ƙarfin ruwa, wanda ake mantawa. Ana auna matsin ruwa da ma'aunin da ake kira "bar", kuma kowace mita 10 ta tsayin tanki na ba da kimanin bar ɗaya. Tankin da ke mita 4 ko 5 sama da famfo matsinsa bai wuce rabin bar ba, alhali da yawa daga cikin baƙaƙen famfon nan masu siririn wuya an yi su ne don bar ɗaya zuwa sama. Sai a ɗaura a ga ruwa na zuwa kamar fitsarin jariri. A duba kwali, ko a shirya sayen ƙaramin injin ƙara matsi.

Ga inda muka tsaya. Gidan haya, banɗakin yara, banɗakin zaure da baƙi ke shiga, wurin alwala, da duk gidan da tayil ɗin gwaji ya nuna zobba farare: a sa kurom na tagulla. Da kuɗin baƙi mai araha za ka sami fari mai kyau, kuma ko a Babbar Kasuwa aka shiga za a sami abin da zai dace da shi in wani ɓangare ya lalace. Baƙi ba haka yake ba, baƙin kamfani ɗaya ba ya zama daidai da na wani, don haka mai son sa ya sayi famfo da shawa da tiyon tsarki da magudanar sinki duk a lokaci ɗaya, daga kamfani ɗaya, ya ƙara ƙoƙon ciki guda biyu ya ajiye. Banɗakin maigida ko na uwargida, da mutum ɗaya ko biyu ke shiga, kuma akwai mai tsane shi kullum, nan baƙi zai yi shekaru da kyansa. In aljihu ya kai a ɗauki PVD, in bai kai ba a ɗauki na garin fenti a kan tagulla, ba a kan tutiya ba.

Ko a wannan banɗakin ma, famfon ƙasa da ake tara bokiti da buta a bar shi fari, ko a sa na tagulla zalla. Shi ne ke shan duka daga bakin bokitin ƙarfe da zobban hannu, kuma garin fenti da ya ɓare ba shi da gyara na ƙwarai. Ana iya ɗiga masa baƙin fentin mota marar ƙyalli da tsinken ashana don a toshe wa ruwa hanya, zai riƙe 'yan watanni. Baƙin alƙalamin maka kuwa kada a fara, da tawadarsa ta bushe takan koma shuɗi-shuɗi, tabon ya fi na da fitowa.